Ɗana mai galahanga ba ya ganin ruwa ya ƙyale: in ɗaure shi ko in bari a koya masa ninƙaya?

Assalamu alaikum Malama. 'Ya'yana uku. Na tsakiyan namiji ne, shekararsa 7, kuma tun yana ɗan shekara 4 likitoci suka ce yana da lalurar galahanga, wadda suke kira otizim. Ba ya magana sai kalma ɗaya ko biyu, in an kira sunansa ma ba kullum yake waiwayowa ba. Ba abin da yake so a duniya kamar ruwa. In ana ruwan sama, sai ya tsuguna a bakin rariya yana kallon yadda yake fita, ko abinci aka kira shi ba ya ji.

Makon jiya ina ɗaki ina ba jaririya nono, yayarsa mai shekara 9 tana tsakar gida tare da shi. Wata maƙwabciya ta shigo aron taɓarya, da za ta fita ta bar ƙofa a buɗe. Ba a yi minti goma ba muka neme shi muka rasa. Wani mai buga bulo ne ya tsamo shi a kududdufin bayan layinmu, ruwa ya kai masa ƙirji, shi kuwa dariyarsa yake yi. Da babansu ya dawo ya zane yarinyar, ya ce daga yau a riƙa ɗaure wa yaron ƙafa ko a kulle shi a ɗaki. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce mutanen ruwa ne ke kiransa, a kai shi a yi masa hayaƙi. Ƙanena kuma ya ce a ba shi shi ya riƙa kai shi dam yana koya masa ninƙaya, ni kuwa tsorona kada hakan ya ƙara masa son ruwa. Gidan haya muke, mu magidanta huɗu, akwai rijiya a tsakar gida da aka rufe da tsohon kwano aka danne da dutse. Sau biyu ina yi wa mai gidan hayar magana, ya ce zai duba. Ba na iya barci. Har na fara tunanin in kwashi yaran mu tafi gidanmu a ƙauye sai damina ta wuce. Me zan yi?

Wata uwa, daga bayan garin Kano

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Barka da arziki, Allah ya kiyaye gaba, ya saka wa mai bulon nan da alheri. Duk uwar da aka miƙo mata ɗanta jiƙe sharkaf daga kududdufi, barci sai ya ƙaurace mata. Amma ki fara sauke wa kanki laifi, don zuciyar da ke tuhumar kanta ba ta iya tsara komai. Nono kike bayarwa, ba yawo kika tafi ba.

Abin da ɗanki ya yi sananne ne wurin masu kula da irin waɗannan yara. A 2012 an wallafa wani bincike a Amurka a kan yara masu otizim fiye da 1,200, aka tarar kashi 49 cikin 100 sun taɓa yunƙurin sulalewa daga inda ake tsaronsu bayan sun kai shekara 4. A 2017 kuma masu bincike a Jami'ar Kolambiya da ke birnin New York suka bi takardun shaidar mutuwa na 1999 zuwa 2014, suka ƙiyasta cewa haɗarin mutuwa a ruwa ga yaro mai otizim ya ninka na sauran yara sau 160. Can tafki da wurin ninƙaya ke cin yaransu, mu nan rijiya ce da kududdufi da durom da ramin sokawe, amma halin yaron ɗaya ne. Ƙyallin ruwa da motsinsa suna ɗauke masa hankali, yadda ruwa ke rungume jiki yana sanyaya masa rai, a cikinsa kuma hayaniyar da ke damun kunnensa tana lafawa. Abin da bai kama ba shi ne zurfi. Dariyar da ya yi ruwa na ƙirjinsa ita ce shaida. Kududdufan garinmu kuwa ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, gefensu a tsaye yake, taku ɗaya ke raba ruwan gwiwa da wanda ya shanye babba.

Ga abin da nake so ki riƙe: idonki kaɗai ba zai tsare yaron nan ba, kuma babu mai idon da zai iya. Dole ki yi sallah, ki shiga banɗaki, jaririya ta yi kuka. Yaron da ruwa ke ci kuma ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu yana kira, don bakinsa neman iska yake yi. Cikin daƙiƙa 20 zuwa 60 ya ɓace, kuma ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa in ta yi minti 4 zuwa 6 babu iska. Saboda haka aikin shi ne a jera shinge bayan shinge tsakaninsa da ruwa, yadda in ɗaya ya faɗi na bayansa zai tare. Ranar nan ƙofa ta buɗe, mai tsaro yarinya ce, kuma ya bi layi guda babu wanda ya san ya kamata a tare shi. Uku duka suka faɗi a lokaci ɗaya.

Kududdufi ne ya firgita ki, ni kuwa rijiyar ce ta fi tayar mini da hankali a wasiƙarki, don tana cikin gida kuma da ita yake kwana. Tsohon kwano da dutse ya fi a bar ta a buɗe haɗari ta wani wajen: babba na ganinsa ya ɗauka an rufe, yaro na ganinsa ya ɗauka dandamali ne, tsatsa kuma ta riga ta cinye ƙasansa. Kada ki ƙara jiran "zan duba". Ku kira mai walda ya auna bakin rijiyar, ya yi murfin ƙarfe mai kauri da zai ɗauki nauyin babban mutum, a dasa shi da siminti yadda ba za a iya ja ko ɗaga shi ba, a bar 'yar ƙofa daidai shigar guga mai wurin kwaɗo. Ki lura, ramin da guga ke shiga ɗan shekara 7 ma zai shiga, don haka kwaɗon ne murfin na gaskiya. In bakin rijiyar gajere ne, magini ya ƙara masa bulo ya kai kusan mita ɗaya. Kwaɗo mai lamba kada ki amince da shi, yaro na iya ganin yadda ake juyawa ya haddace. Makulli ya zauna a wurin manya, kowane ɗaki da nasa.

Inda irin wannan gyara ke lalacewa a gidan mutum huɗu shi ne mako na biyu, ranar da wata za ta ce bari ta juye wannan ta dawo, ta bar shi a buɗe. Maganinsa ku yi shawara da matan gidan a tsayar da lokacin ɗibar ruwa, safe da yamma, kowa ta cika abin da za ta cika, ɗanki yana hannun babba, a rufe a gaban kowa. In da hali nan gaba, a toshe bakin gaba ɗaya a sa tuƙa-tuƙa ko sumo. Batun kuɗi kuma, maigidanki ya sami mai gidan hayar da mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, a ce masa za ku yi aikin a cire daga kuɗin haya, a rubuta. In ya ƙi, ku haɗa kuɗin da sauran 'yan hayar, su ma ai suna da yara. In kowa ya noƙe, ku yi da kuɗinku a bi bashin daga baya.

Daga nan ki zagaya gidan a tsugune, daidai tsawonsa, ki ga abin da yake gani. Durom ya samu murfi mai ɗauri, ko a koma tara ruwa a jarka mai ƙaramin baki. Baho da bokiti a zubar a kife da zarar an gama wanki, jiƙon kaya kada ya kwana a tsakar gida. Wannan har don jaririyar ne, don da ta fara rarrafe da miƙewa, ruwan da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba a gindin bokiti ya isa, nauyin kan jariri yana rinjayarsa, in ya kifa ba ya iya fitowa. Ki duba murfin sokawe da bakin masai, damina na zaizaye gefensu. Rariyar da yake tsugunawa ma ki dube ta da kyau. Ina zargin ita ce ta nuna masa hanya, ya ga ruwa na fita ya bi shi lambatu, lambatu ya kai shi kududdufi. In ramin na da faɗi, a gitta masa rodi.

Ƙofar gida tana buƙatar abu biyu, wanda zai hana ta buɗuwa da wanda zai yi ƙara in ta buɗe. A sa sakata can sama inda babba ma sai ya miƙa hannu, a kuma ɗauke turmi da kujera da duk abin da zai jawo ya taka, har da buhuna da itacen da ke jingine da katanga. A rataya ƙararrawa a jikin ƙyauren, ko gwangwanaye masu tsakuwa a ciki. Akwai kuma 'yar na'ura mai batir da ake mannawa a ƙofa, tana ƙara da an buɗe. Mai walda zai iya sa wa ƙyauren sifirin ya riƙa komawa da kansa, wanda da yana nan, da aron taɓarya bai zama abin da ya zama ba. Da dare a kulle ɗakin da kuke kwana tare da shi daga ciki, makullin a rataye a wuri ɗaya da kowane babba zai lalubo cikin duhu saboda gobara.

Yanzu maganar yarinyar, kuma ina roƙon ki karanta wa babansu wannan. 'Yar shekara 9 ba ta tsaron yaron da manya ma yake kuɓuce musu. Dukan da ta sha bai ƙara mata ido ba, tsoro ya ƙara mata, tsoron kuma na iya kai ta ga ɗayan abu biyu: in ya sake ɓacewa ta yi shiru tana nemansa ita kaɗai don gudun bulala, mintunan da ake buƙata su wuce, ko ta gan shi a ruwa ta faɗa bayansa, a rasa biyu. Ta cancanci babanta ya kira ta ya rarrashe ta, ya ce mata ba laifinta ba ne. Aikinta daga yau ɗaya ne: in ba ta gan shi ba, ko ta gan shi kusa da ruwa, ta ƙwala ihu, ba ta shiga, kuma ba mai dukanta ko da ya zamana yana bayan ƙyaure.

Tsaro kuma ya zama na mutum ɗaya sananne a kowane lokaci. Yaran nan sun fi ɓacewa ranar da gida ya cika, ranar suna ko biki ko Sallah, da almuru, da bayan an ɗauke ruwa, saboda kowa na zaton wani na kallo. Ku mayar da shi amana ta baki: "Ga shi nan, na ba ki." "Na karɓa." In ba a amsa ba, ba a miƙa ba. Wasu gidajen sukan ware awarwaro ɗaya, duk wadda yake hannunta ita ce mai tsaro, ba ta danna waya, ba ta shiga madafi sai ta cire ta sa wa wata. In za ki ba da nono kuma babu wani babba, ki shiga da shi ɗaki ki sa sakata.

Maigidanki tsoro ne ya fito masa ta hanyar faɗa, haka maza da yawa suke. Niyyarsa ta tsare ɗansa daidai ce, hanyar ce ba zan goya masa baya ba. Igiya na iya naɗe wuyan yaro, tana yanka ƙafa, yaron da aka kulle shi kaɗai babu mai fito da shi in wuta ta tashi, kuma wanda aka saba ɗaurewa ranar da ya samu sarari gudu yake yi ba waiwaye. Wannan daban yake da maɗaurin hannu mai laushi da ke haɗa hannunki da nasa a kasuwa ko tasha, shi kam ba laifi. Ki tari maigidanki lokacin da ya huce, ki ce masa kin yarda a kulle, amma rijiya da ƙofa za a kulle maimakon yaro. Ki bar masa mai walda da mai gidan haya da mai unguwa a hannunsa. Namijin da ya ga abin yi da hannunsa yakan rage faɗa.

Hajiya kuma kada ki ja da ita. Jikanta take so, ta fassara abin da ta gani da abin da ta sani. Ki karɓi addu'arta hannu biyu, a yi masa tofi safe da yamma, ai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Inda za ku tsaya, kuma ɗanta ne ya kamata ya faɗa mata, shi ne hayaƙi a rufe da duka da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. Yaron da ƙara da wari ke gigita shi, wannan azaba ce gare shi, hayaƙin kuma na cutar da huhu. Ki gayyace ta zuwa asibiti ranar ganin likita ta ji da kunnenta. Ki kuma nemi taimakonta wajen matan gidan, maganar dattijuwa a kan makullin rijiya ta fi taki shiga.

Son ruwan ba zai fita da bulala ba, don haka ki ba shi wurinsa. Kullum a lokaci ɗaya, misali bayan la'asar, ki zuba ruwa kaɗan a baho, da kofuna da mazurari, ki zauna inda hannunki zai kai gare shi, minti 15 zuwa 20, sannan ku zubar tare ku kife. Ki ɗauki hoton bahon a wanke miki, ki koya masa ya miƙo miki hoton in yana son ruwa, ke kuma duk lokacin da ya miƙo da farko ki biya masa, har ya gane cewa tambaya ta fi gudu saurin kai shi ga ruwa. Doka ɗaya, da kalmomi iri ɗaya a bakin kowa: ba a taɓa ruwa sai babba ya kama hannu. Ku riƙa wasan "tsaya!" a tsakar gida, ku yi tafiya ki ce tsaya, in ya tsaya ki ba shi abin da yake so nan take. Zai ɗauki makonni, wataƙila watanni. Ki kuma ajiye ɗan littafi na mako biyu, duk sanda ya nufi ƙofa ki rubuta lokaci da abin da ya faru kafin nan. Wani yaron ruwa yake nufa, wani kuwa ƙarar injin markaɗe ko janareta yake gudu, ruwan a hanya ya gamu da shi. In na biyun ne, lungu mai shiru a ɗaki zai rage fitar fiye da kowane kwaɗo.

Ƙanenki ya yi gaskiya rabi. A koya masa, ƙwarai kuwa. Tsoronki na cewa zai ƙara son ruwa na fahimce shi, amma yaron ya riga ya shiga har ƙirji ba tare da ya iya komai ba, abin da ya rage shi ne in ya sake shiga ya san yadda zai ɗago fuskarsa. Dam ɗin ne ban yarda da shi ba, haka ma kududdufi: ba a ganin ƙasa, ga laka mai riƙe ƙafa, ga tsargiya mai sa fitsarin jini, sannan kin nuna masa da kanki cewa nan wurin wasa ne. Ku nemi wurin ninƙaya da aka gina, irin na otal ko makaranta, a sa'ar da ba jama'a, malami ɗaya da yaro ɗaya, darasi gajere na minti 20 zuwa 30, da tsari iri ɗaya kullum. Malamin ya nuna da jiki ya rage surutu, kuma kada wanda ya jefa shi ciki wai don ya saba. Salon ninƙaya ba shi ne na farko ba. A fara da jiran izini kafin shiga, sai juyawa rigingine ya yi lamo a kan ruwa yana numfashi, sai kama gefe ya fito da kansa. A Bangaladash, inda ruwa ke kan gaba wajen kashe ƙananan yara, ma'aunin da suke yaye yaro daga darasin ninƙaya da shi shi ne ya yi iyo mita 25 kuma ya riƙe kansa a saman ruwa daƙiƙa 30. Wannan ku sa a gaba, ko da zai ɗauki shekara. Darussan ƙarshe a yi su da riga da wando da takalmi, don ranar tsautsayi da kayansa zai faɗa, kuma yaran nan abin da suka koya a yanayi ɗaya ba lallai su ɗauke shi zuwa wani ba. Ko ya iya, ba a cire kwaɗo ko ɗaya. Robar hannu da ake hurawa da tayar mota kayan wasa ne. In tafiya ta kama ku a kwale-kwale, sai rigar kariya daidai nauyinsa mai maɗauri ta tsakanin cinyoyi. Ki gwada ta ta hanyar ɗaga kafaɗun rigar, in ta haura kunnensa ta yi masa yawa. Ki saba masa da ita a gida tun kafin ranar.

Kafin darasin farko ku ga likitansa, ki yi masa tambaya a kan farfaɗiya. Ta fi yawa a masu otizim, kuma ba kullum take zuwa da faɗuwa da kumfa ba. Wani lokaci yaro ne zai ƙura ido na 'yan daƙiƙu, a taɓa shi bai sani ba. In kin taɓa ganin haka ki faɗa, ki ɗauka a waya in kin samu dama. Mai farfaɗiya ko a bahon wanka ruwa na iya cinsa, don haka wankansa da bokiti da kofi, babba na tsaye, ba a kulle banɗaki. Ki tambaya kuma ko cikin magungunansa akwai mai sa barci.

Na san akwai nauyin baki wajen bayyana wa unguwa lalurar yaro, kuma wasu za su yi surutu. Ki bar su. Mai shagon bakin layi, mai shayi, 'yan garuwa, masu adaidaita sahu na tashar kusa, da masu bulon bakin kududdufin, su ne idanunki a waje. Babansu ya kama hannunsa ya zagaya da shi su gan shi, ya faɗa musu magana uku: ba ya magana, bai san haɗari ba, in kun gan shi shi kaɗai ku tsaya tsakaninsa da ruwa ku kira wannan lamba. A gaya musu kada su bi shi da gudu da ihu, don zai ƙara wuta. Ki ɗinka lambar waya a jikin rigunansa, ki riƙa sa masa masu launin lemo ko ɗorawa da ake hangowa daga nesa, ki ajiye sabon hotonsa a waya. Agogon da ke nuna inda yaro yake yana taimakawa in da hali, sai dai caji na ƙarewa, sabis na ɗaukewa, yaro na cirewa. Batun shinge a gefen kududdufin da ke kallon layinku, a kai wa mai unguwa, amma kada ku jingina da shi.

In ya sake ɓacewa, ruwa ake fara dubawa, kafin ƙarƙashin gado, kafin gidan maƙwabta. Ku raba aikin tun yau da suna: wance rijiya da durom da sokawe, wane ya ruga kududdufi ya tsaya a can ko bai gan shi ba, wane ya bi lambatu, wance ta kira waya ta sa a yi cigiya a lasifikar masallaci. Ba a jira a ga ko zai dawo. Tunda ba ya amsa sunansa, a kunna sautin da yake so a waya, a riƙa yin shiru ana saurare.

In an same shi a ruwa, Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama, shi ya sa mai ceto da ya faɗa hannu sake yakan tafi tare da wanda ya je ceto. Ki tanadi doguwar gora da jarka mai lita 20 wadda ba komai a ciki, a toshe bakinta sosai a ɗaura mata igiya, ki ajiye wajen masu bulon. Sai dai ɗanki ba lallai ya kama abin da aka jefa masa ba, don haka babban da ya iya ruwa ya shiga rungume da jarkar, wani na riƙe da igiyar a tudu. Rijiya kuwa ba a faɗa mata haka nan, iskar ƙasanta kan kashe mai ceto. A kira 'yan kwana-kwana ko 112 nan take, wanda zai sauka sai da igiya a ƙugu da mutane riƙe da ita.

Da an fito da shi a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. Ba a riƙe ƙafafunsa a zazzage shi, ba a danna ciki don ruwa ya fito, wannan ɓata lokaci ne kuma yana turo amai cikin huhu. In ba ya numfashi, a ɗan ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a hura masa iska baki da baki sau 5, kowane a ga ƙirji ya taso. Sai a sa tushen tafin hannu a tsakiyar ƙirji a danna sau 30, zurfin kusan santimita 5, da saurin 100 zuwa 120 a minti, a hura sau 2, a sake 30, haka har ya yi numfashi ko ma'aikatan lafiya su karɓa. In ya farfaɗo a juya shi gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi, a wuce asibiti ko da ya miƙe yana wasa, don huhun da ruwa ya shiga na iya rikicewa bayan sa'o'i, shi kuma ba zai iya ce miki ƙirjinsa na ciwo ba. Karantawa ba ta kai gwadawa ba, ku nemi 'yan Red Cross ko ma'aikacin jinya ya nuna muku da hannu, ke da babansu da ƙanenki.

Tafiya gida kuwa, in hutu kike nema kina da haƙƙinsa, mai jego da yaro irin wannan tana buƙatar a karɓe ta. Amma baƙon wuri ya fi gida haɗari: shinge na kara, rijiya ba murfi, rafi ko fadama a bayan gari, mutanen da ba su san halinsa ba. Gara ki roƙi a turo miki babbar mace daga gida ta zauna da ke har kaka. In tafiyar ta zama dole, ki aika a rufe rijiyar can kafin ku iso, ranar da kuka sauka kuma, kafin ki kwance kaya, ki sa a zagaya da ke duk inda ruwa yake kwance. Daren yau dai, kafin mai walda ya zo, a ɗora wa bakin rijiyar katako mai kauri ko tsohon ƙyauren ƙarfe, a danne da bulo da yawa da sai manya biyu za su kawar, ki jawo shimfiɗarki ki tare bakin ƙofar ɗaki, ki samu ki runtsa.